Wani Ya Ce "Duba Min Hoton Nan": Yadda Ake Ba Mai Gyaran Hoto Shawarar Da Za Ta Amfane Shi



Yau ba waya za mu fito da ita daga kwali ba, ba kuma batir za mu auna ba. Darasi ne a kan abin da kusan kowa a cikinmu yake yi ba tare da an taɓa koya masa ba. Wani ya kwana yana gyaran hoto a Photoshop ko Snapseed ko PicsArt, gari ya waye ya turo maka ya ce "duba min". To me za ka ce masa?

Yawancinmu amsa biyu gare mu. Ko dai "Masha Allah, ya haɗu" da alamar wuta guda uku, ko kuma "kai, editin ɗin nan ya yi yawa". Ta farko tana faranta rai na minti ɗaya, ta biyu tana ɓata rai na yini guda, kuma duk cikinsu babu wadda mai hoton zai koma kan kwamfutarsa ya yi aiki da ita. Abin kuma ya wuce wasa. Daga Nima ta Akara zuwa Garwa, daga Jidda zuwa Landan, akwai matasanmu da gyaran hoto ne abincinsu: hotunan biki, fastar Sallah, tallan shago, hoton fuskar bidiyo. Idan abokai suka ɓoye wa mutum aibin aikinsa don kunya, mai biyan kuɗi ba zai zauna ya yi masa bayani ba. Kawai ba zai sake kiransa ba.

A sashenmu na injiniyanci, idan ka gabatar da zane babu mai cewa "ya yi kyau" ya koma ya zauna. Za a ce maka ga inda matsalar take, ga dalilinta, ga abin da za ka gwada. Wannan tsarin nake bi idan an turo min hoto, kuma shi zan shimfiɗa muku a nan.

1. Tambaya kafin hukunci

Kafin ka ce komai, ka san me ake nufi da hoton. Tambayoyi uku sun isa: Me kake so mai kallo ya ji? Ina za a sa hoton? Me kake so in duba maka?

Amsar tana canza komai. Wanda yake son hotonsa ya yi kama da mafarki, ya sa sama ta zama shuɗi mai ratsin ja da gangan, ba za ka ce masa "sama ba ta zama haka" ba. Ya sani. Wanda kuma yake so a ɗauka da gaske ya tsaya a gaban dalar Giza, shi ne za a bi inuwarsa da ma'auni. Haka ma wurin da za a sa hoton. Na Instagram zai iya wucewa da ƙananan kurakurai, amma wanda za a buga a takarda A4 da inganci yana buƙatar fiksel kusan 2480 a faɗi da 3508 a tsayi, wato 300 a kowane inci, kuma duk abin da aka ɓoye zai fito fili.

Akwai wata Ba'amurkiya mai tsara rawa, Liz Lerman, da ta fito da wata hanyar yin sharhi a kan aikin fasaha a 1990. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne tsarin jerin: masu kallo su fara faɗin abin da ya taɓa su, sannan mai aikin ya yi nasa tambayoyin, sannan a yi masa tambayoyin da babu hukunci a cikinsu, sai a ƙarshe a faɗi ra'ayi, shi ma da izininsa. "Me ya sa ka zaɓi wannan koren?" tambaya ce. "Me ya sa ka zuba wannan mugun koren?" hukunci ne da aka ɗaura wa alamar tambaya.

2. Ka tabbata ba sikirin ɗinka ne mai laifi ba

Sau da yawa gardamar "ya yi ja da yawa" da "a'a bai yi ba" tsakanin sikirin biyu take, ba tsakanin mutum biyu ba. Kafin ka duba hoton wani:

Kashe yanayin dare da ke mayar da sikirin ruwan ɗorawa. A iPhone ka kashe True Tone. A wayoyin Samsung ka koma yanayin launi na asali, domin ɗayan yana ƙara wa kala kauri. Ka sa haske a tsakiya, kada ka duba a cikin rana tsaka.

Ka ce a turo maka hoton a matsayin fayil, ba ta hanyar da aka saba ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa. Tsarin JPEG, wanda ya fito tun 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 sau 8, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura da su ba. Duk lokacin da aka sake gyarawa aka sake ajiyewa, sai a ƙara zubar da wasu. Idan ka ga ƙananan murabba'ai a sararin sama ko a gefen rubutu, kada ka yi saurin ɗora wa mai gyara, wataƙila a hanya aka yi ɓarnar.

Ka tambaye shi kuma da wane tsarin launi ya fitar da hoton. Na intanet mafi aminci shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. Idan aka fitar da wani tsari mai faɗi aka buɗe a manhajar da ba ta gane shi ba, sai launuka su koɗe.

3. Kallo na farko: daga nesa

Ka ƙanƙanta hoton ya koma kamar girman akwatin ashana, ka dube shi daƙiƙa uku. Ina idonka ya fara sauka? Ido yana bin wuri mafi haske, mafi kaifi, mafi kaurin launi, da kuma fuska. Idan hoton amarya ne amma idonka ya tafi kan jan labulen da ke bayanta, ka samu magana ta farko, kuma ta fi duk wata ƙaramar matsalar fiksel muhimmanci.

Dabara ta biyu: ka mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. Launi yana ruɗin ido. Da zarar ka cire shi za ka ga ko mutumin ya fita daban da bayansa ko ya nutse a ciki. Ta uku: ka juya hoton, dama ta koma hagu. Idon da ya saba da hoto yana daina ganin karkacewa, juyawar tana farkar da shi.

4. Kallo na biyu: abin da kimiyya ba ta yafewa

Nan ne aikin haɗa hotuna yake tonuwa, wato a yanko mutum daga wani hoto a ɗora shi a wani wuri. Mai kallo na gari zai ce "akwai abin da bai zauna ba" amma ya kasa nunawa. Aikinka ka nuna. Abu biyar nake bi ɗaya bayan ɗaya.

*Daga ina haske ya fito.* Dubi hanci da ƙarƙashin haɓa. Idan rana tana hagu a bayan hoton amma kuncin mutumin na dama ne yake haske, ƙarya ta ƙare. Akwai gwajin da masu binciken hotunan bogi irin su Farfesa Hany Farid na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suke amfani da shi: ka ja layi daga wani wuri a jikin inuwa zuwa wurin da ya haifar da ita a jikin abin, ka yi haka ga abubuwa uku ko huɗu. Idan fitila ɗaya ce ko rana, layukan duk za su haɗu a wuri guda, ko su tafi a jere. Wanda ya bauɗe, daga wani hoto aka kawo shi.

*Taurin inuwa.* Ranar Jidda da tsakar rana tana ba da inuwa mai kaifin baki. Sararin Ingila mai gajimare yana ba da inuwa mai laushi da ƙyar ake ganin bakinta. Mutumin da aka ɗauka a Manchesta cikin hadari ba zai zauna a sahara ba sai an yi aiki sosai. Kada kuma a manta da 'yar siririyar inuwa mai duhu da ke daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa. Rashinta ne yake sa mutum ya zama kamar yana shawagi. Idan kuma fitila ce a cikin hoton, ka tuna lissafinta: nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda yake taku ɗaya daga fitila da wanda yake taku huɗu ba za su yi haske iri ɗaya ba.

*Tsayin kyamara.* A fili shimfiɗaɗɗe, layin da sama ta haɗu da ƙasa yana wucewa ne daidai tsayin kyamara. Idan mai ɗauka yana tsaye, layin zai ratsa wajen kan mutanen da ke tsaye. Idan ya durƙusa, zai ratsa ƙugunsu ko gwiwarsu. To idan an ɗauki mutum daga tsaye, aka ɗora shi a wurin da aka ɗauka daga ƙasa, ko an gyara launi shekara guda ba zai zauna ba.

*Zafin launi.* Ana auna shi da Kelbin. Kwan fitila irin na da yana wajen 2,700, hasken rana wajen 5,500, inuwar waje kuma tana haura 7,000, shi ya sa take ɗaukar shuɗi-shuɗi. Farar shadda ita ce babbar mai ba da shaida: a ƙarƙashin fitilar ɗaki tana komawa ruwan madara, a faɗuwar rana tana ɗaukar ruwan lemo. Idan bayan hoton magariba ne amma shaddar fara ce tas kamar ta talla, sai a gyara. Haka ma baƙi. A hoto na yau da kullum kowane launi yana tafiya daga 0 zuwa 255. Ka auna wuri mafi duhu a jikin mutumin da wuri mafi duhu kusa da shi a bayan hoton. Idan ɗaya 5 ne ɗaya 40, ido zai raba su ko mai kallo bai san dalili ba. Kuma abu yana ƙara nisa yana ƙara koɗewa, duk wanda ya san hazon hunturu ya san wannan.

*Gefe da tsaki.* Yanzu ka zuƙo hoton zuwa kashi 100. Ka bi gefen gashi, gefen mayafi, tsakanin yatsu. Nemi farin zobe da ya kewaye mutum kamar wata ya yi sansani, alamar yanka ce ko kuma an cika ƙara kaifi. Sannan dubi tsaki-tsakin da kyamara take bari, musamman a hoton dare. Mutum sumul a kan bango mai tsaki, ko akasin haka, yana tona asiri. Idan kuma ka ga sama ta yi layi-layi kamar matakala, an ja hoton JPEG fiye da ƙarfinsa. Shi matakin haske 256 gare shi a kowane launi, alhali fayil ɗin RAW mai bit 14 yana da 16,384. Shawarar a nan ita ce ya riƙa ɗauka da RAW idan wayarsa ko kyamararsa tana yi.

5. Maganar fata

Wannan na ware masa wuri daban domin ya shafe mu kai tsaye. Shekaru da dama dakunan wanke hoto suna daidaita launi da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Fatar da aka auna komai da ita ke nan, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanonin waya ma sun jima kafin su farga. Google ya fito da Real Tone tare da Pixel 6 a 2021, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai mataki 10 na Ellis Monk, malami a Jami'ar Harvard.

Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce filtoci da yawa ba don fatarmu aka yi su ba. Wasu suna mayar da baƙar fata toka-toka, wasu ruwan lemo. Idan kana duba hoton wani, ka gwada fuska da wuya da bayan hannu. In fuska ta yi fari hannu yana nan yadda Allah ya yi shi, ka faɗa. In an goge fata har ƙofofin gashi sun ɓace ta koma kamar roba, ka faɗa. Ƙurji na kwana biyu ana iya cire shi. Amma tsage, ko tawadar Allah, ko wushirya, waɗannan na mai su ne, ba a taɓa su sai da izininsa. Kuma ka bambanta haskaka hoto da haskaka mutum. Ana iya ƙara haske a fuska ta fito sarai ba tare da an canza mata launi ba.

Idan mai gyaran ya ce ai kwastoma ce ta ce a ƙara mata fari, kada ka yi masa wa'azi. Ka ba shi dabara: ya yi kala biyu ya nuna mata, ɗaya mai launinta na gaskiya da haske mai kyau. Ita za ta zaɓa.

6. Yadda ake furta maganar

Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa ya danganta da yadda aka faɗe shi. Kowace magana da zan yi ina gina ta da ƙafa uku: abin da na gani, abin da ya jawo, abin da za a gwada. Kuma ba na wuce gyara uku a zama ɗaya, ina farawa da mafi girma. Wanda aka jera wa laifi goma sha biyu ba zai gyara ko ɗaya ba, rufe kwamfutar zai yi.

A ce wani ƙaninka ya ɗauki kansa a ɗaki da farar shadda, ya ɗora kansa a kan tudun rairayi da faɗuwar rana. Maimakon "bai yi kama da gaske ba", ga yadda za a rubuta masa:

"Ƙanena sannu da ƙoƙari. Yankan da ka yi wa gefen hula ya fita tsaf, na zuƙo ban ga ragowar bangon ɗaki ba, kuma wurin da ka tsayar da kanka ya bar wa rana fili. Abu uku zan so ka gwada. Na ɗaya, rana tana bayanka ta hagu amma haske yana kuncinka na dama, gwada juya hoton bayan, dama ta koma hagu. Na biyu, ƙafarka ba ta da inuwa, shi ya sa kake kamar kana shawagi. Sa siririya mai duhu a ƙarƙashin takalmi, sannan doguwa mai laushi da ta nufo mai kallo. Na uku, shaddar ta yi fari da yawa ga wannan lokacin, ɗan sa mata ruwan lemo a gefen da rana take. Yi waɗannan ka sake turo min."

Ka lura yabon ma na takamaimai ne. "Ya yi kyau" ba ya koyar da komai, amma "gefen hular ya fita tsaf" yana gaya masa abin da zai ci gaba da yi. Ka lura kuma da hoton ake magana, ba da mai shi ba: "inuwar ta ɓata", ba "ba ka iya inuwa ba".

Sai ka raba kuskure da son rai. Inuwar da ta saɓa wa rana kuskure ne, ana iya nunawa da layi. Amma "ni na fi son launi mai sanyi" ra'ayinka ne, ka faɗe shi a matsayin ra'ayi, shi kuma yana da damar ƙi.

Idan wanda ya girme ka ne, hanyar tambaya ta fi: "Yaya, ko da gangan aka bar hasken ta dama? Na ga kamar rana tana hagu." Ya gane, kuma girmansa bai faɗi ba. Gyara mai nauyi kuma a keɓe ake yinsa, ba a cikin guruf mai mutum ɗari biyu ba.

7. Inda ba a yin shiru

Akwai wurin da maganar ta wuce kyau ko muni. Hoton fasaha yana da 'yancin ƙirƙira, hoton da aka gabatar a matsayin shaida ba shi da shi. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da juna don su shiga bangonta, har yau ana kafa misali da abin. A 2006 Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai suka janye hoton iyali da fadar Kensington ta fitar saboda alamun gyara. A Faransa, tun 2017 doka ta wajabta a rubuta cewa an gyara hoton talla idan an canza surar jikin mai tallar.

Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, musamman tun da Adobe ya saka Firefly a cikin Photoshop a 2023, abin ya ƙara sauƙi. A shekarar ce ma Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hotuna ta Sony, ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiro hoton. Don haka idan an turo maka aiki, ka ƙara tambaya biyu. Mai kallo zai ɗauka wannan ya faru da gaske? Wanda ke cikin hoton ya yarda a yi masa haka? Idan an ɗora fuskar wata a inda ba ta je ba, ko an ƙara wa kayan sayarwa kyan da ba su da shi, kada ka tsaya gyara masa inuwa. Ka ce masa kada ya saki.

8. Idan kai ake wa gyara

Ka turo hoton asali tare da wanda ka gyara, ka faɗi manufarka, ka yi tambaya takamaimiya: "Launin fatar ya zauna?" ta fi "ya kuka gani?" Kada ka fara kare kanka kafin mutum ya gama. Ka ajiye aikinka leya-leya yadda za ka iya komawa ka canza abu ɗaya ba tare da ka rushe sauran ba. Idan mutum ɗaya ya faɗi abu, ka auna. Idan uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, to akwai magana a wurin, ko da maganin da suka ba ka ba daidai ba ne.

Aikin gida

Ka samu abokin da ke gyaran hoto ku yi musaya, kowa ya ba ɗan'uwansa aiki ɗaya. Ka yi tambayoyi ukun farko, ka duba daga nesa, ka bi abubuwa biyar ɗin nan, sannan ka rubuta yabo ɗaya na takamaimai da gyara uku, kowanne da abin da za a gwada. Bayan kwana biyu ku sake turo wa juna ku jera tsoho da sabo. A bidiyo mai zuwa zan ɗauki hoto ɗaya in ja layukan inuwar a gabanku, domin wannan gwajin ya fi saurin shiga idan ido ya gani.